Wata Tara Ina Ɓoye Baba

Ko da zan yi tsufan da zan riƙa neman tabarauna alhali yana kan hancina, ba zan manta da watanni taran da na yi ina ɓoye wani dattijo a gidana na Old Trafford ba. Shekaru sun ja yanzu. 'Ya'yana sun mayar da labarin abin tsokana, duk ranar sallah sai an tayar da shi a kan tabarmar cin abinci, ni ma in taya su dariya. Amma akwai wurin da in an zo dariyar takan ɗauke, kuma saboda wurin nan ne na zauna rubuta shi.

Sana'ata koyar da tuƙin mota. Sai dai a lokacin mutanenmu na Manchester ba da wannan suka san ni ba, da baki suka san ni. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan Arewa, Musulmi da Kirista, kuma duk taron da aka yi kuskuren miƙa min makirufo sai an yi da gaske kafin a karɓe. A shekarun nan muka haɗa kai da wasu masallatai da coci-coci, muka yi ta zarya har council, wato ƙaramar hukumar yankinmu, ta yarda ta kira kanta mafakar baƙi. Ma'anar abin, wanda ya je ofisoshinta neman taimako ba za a tsare shi da tambayar takardar zama ba, ba kuma za a ɗaga waya a kira masa jami'an shige da fice ba. Aka buga 'yan takardu masu manne da hoton ƙofa a buɗe. Na liƙa ɗaya a tagar falona, ɗaya a bayan motar da nake koyarwa da ita.

Ranar bikin ƙaddamar da tsarin na tsaya gaban Turawa na cika baki. Na ce council ta makara, mu Hausawa tun kakanninmu muke wannan tsari. Na ce a wurinmu ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi ko da zai shekara, ba a kuma bincikar jakarsa, wanda ya yi haka ya zubar da mutuncin gidansu. Aka yi ta tafi. Wata kansila mai furfura har da share ƙwalla. Na dawo gida ranar hula ta kusa ƙin zama a kaina.

Ba a daɗe ba gwamnatin London ta fara ƙara wa igiyar ƙulli. Mai gidan haya ya duba takardar ɗan haya, mai ɗaukar aiki ya duba ta ma'aikaci, asibiti ya tantance wanda ya cancanci magani kyauta. Muka kira taro, muka gayyato kansilar nan mai furfura. Na miƙe na ce mata to ina ƙofarmu da aka ce a buɗe take? Baiwar Allah ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce takardar mannen ku bar ta a tagoginku, council ba za ta fita farautar kowa ba, amma dokar ƙasa tana sama da council, inda ta ce a duba dole a duba. Na bugi tebur na yi faɗa na kusan rabin awa, har da rantsuwar cewa ni dai a gidana ba za a taɓa tambayar baƙo takarda ba. Allah ya ji ni, ya kuwa aiko min da baƙon.

Mahaifiyata ce ta kira daga gida. Ta ce mai waldan nan na bakin kasuwa, aminin marigayi mahaifina, zai zo Ingila a duba masa ido, in riƙe shi kamar ubana. Na san shi tun ina ƙarami, dogon mutum mai baƙin gilashi a goshi, kullum tartsatsin wuta na tashi a gabansa. Ban san komai game da shi ba bayan wannan, don an kai ni makarantar kwana da wuri, daga can kuma sai jami'a, sai Ingila. Na je filin jirgi da shirin tsayuwar awa uku, don na san yadda ake wa namu tambayoyi kafin a sake su. Ko minti ashirin ban yi ba sai ga Baba ya fito, shi ne kusan na farko, yana jan wata tsohuwar jaka. Na ce masa lallai addu'ar da muka yi ta karɓu. Ya ce alhamdu lillahi.

Bayan ya ci abinci ya huta, ya kira ni falo. Ya ce, "Ɗana, idon nan ne ya kawo ni. Likitan Kano ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ya ce kada in ja lokaci." Yana faɗa ya sa hannu a aljihun ƙirjin rigarsa zai ciro wani abu. Ni kuwa na ɗauka kuɗi zai ba ni, na yi wuf na riƙe hannun. Na ce, "Haba Baba! A gidan ɗanka? Wallahi ka mayar. Ka bar komai a hannuna." Ya dube ni, ya mayar da hannunsa, ya ce Allah ya yi min albarka. Ku riƙe wannan aljihun a ranku, za mu dawo kansa.

Ni a kaina lissafin a gama yake. Tsoho mai walda daga bakin kasuwa, wace biza za a ba shi in ba ta ziyara ta wata shida ba? Tambaya kuwa ba ta taso ba. Yaya zan dubi aminin ubana, ga kwanon tuwona a gabansa, in ce Baba mu ga fasfo? Ai daidai yake da in ce masa yaushe za ka bar min gida. Sai na kai maganar group ɗinmu na waya, ban ambaci kowa ba, na ce wai wani ne ya tambaye ni. Manyan lauyoyin group ɗin, wato direbobin tasi biyu da mai sayar da busasshen kifi, suka yanke hukunci nan take. Suka ce tun da sabuwar doka ta zo, mai bizar ziyara yana taka asibiti za a tura sunansa, a saka shi a jirgi, wanda ya sauke shi kuma a shafa masa baƙin fenti. Muna da lauya ta gaske a ƙungiya, 'yar Jos, da kira ɗaya zan yi mata. Ban kira ba. Sakatare guda, wanda ya koya wa council al'ada, ya je yana tambaya kamar sabon zuwa?

Na ce wa Baba ana kan shiri, akwai layi. Na ce wa kaina ina neman hanya mai tsafta. Maganin ɗigawar da ya zo da shi ya ƙare, na sa wani matafiyi ya taho da wani daga Kano, shi ma ya ƙare, na ukun da aka yi min alkawari bai iso ba. Baba bai taɓa tuna min ba. Da safe in na durƙusa gaishe shi in ce ya idon, sai ya ce da sauƙi. Ni kuma in karɓi da sauƙin nan hannu bibbiyu in fita aiki.

Abin da ke ba ni haushin kaina har gobe shi ne aikin nawa. Duk sabon ɗalibin da ya zo min, kafin ya taɓa sitiyari abu biyu nake yi masa. In ce ciro lasisinka in gani, sannan in nuna masa wata mota can nesa in ce karanta min lambarta, don in tabbatar idonsa lafiya. Bature, Ba'indiye, tsohuwa, yarinya, ban taɓa jin kunyar kowa ba. Takarda da ido, kullum ta Allah, su ne sallamata da mutanen da ban sani ba. In dawo gida in tarar da mutumin da idonsa ke mutuwa a falona, bakina ya ɗinke.

Da wata shida suka cika, sai tsoro ya shigo gidan ya samu kujera. A lissafina daga ranar Baba ya zama wanda ya zarce wa'adi. Na saki labulen falo, takardar nan mai hoton ƙofa a buɗe tana waje tana wa masu wucewa maraba, mu muna ciki a duhu. Na hana shi zuwa Juma'a, na ce sanyi zai kama shi, a tsakiyar watan Yuni, mutane suna yawo da gajeren wando. In an danna ƙararrawa sai in yi ƙasa da murya in leƙa ta gefen labule. Mai kawo wasiƙa ma sai da na fara zarginsa. Abin da ya ƙara karya min zuciya, Baba bai tambayi dalili ba ko sau ɗaya. Da kansa ya koma gyara labulen in ya ga ya buɗe. Rannan aka ƙwanƙwasa da ƙarfi, na tashi zan leƙa, ya kama gefen rigata ya ce a hankali, "Zauna, ɗana. Bari maiɗakinka ta duba." Na ce a raina Allah sarki, ashe tsohon ya san halin da yake ciki.

Maiɗakina ce ta fara kawo ƙara. Ta same ni a kicin ta ce, "Malam, ka lura kuwa? Tsohon nan shayi yake zubawa a gefen kofi. Jiya kuma ya buge ƙofar banɗaki da kafaɗarsa ta hagu." Na ce mata ina sane, ana kan shiri. Ta ce shirin nan naka ya kusa yaye.

Sai babbar 'yata. A nan aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce a babban asibitin da ke Edgbaston a Birmingham, Hausarta kuma irin ta 'ya'yanmu ce, rabi a Kano rabi a Manchester. Tun zuwan Baba suka ƙulla wasan jika da kaka. Tana ce masa angona, yana ce mata amaryata mai gurguwar Hausa, in ta zo hutun ƙarshen mako sai su yi ta faɗan wai bai biya sadaki ba. Uwarta ta kai mata labarin shayin, ta kira ni ranta a ɓace. Ta ce, "Abba, kun yi masa rajista da GP, likitan unguwa, kuwa? Wata nawa ke nan?" Na ce akwai matsalar takarda. Ta ce, "Ka gani da idonka? Just ask him, Abba! In ba za ka iya ba ni zan tambaye shi, ai mijina ne." Na ce ta rufa min baki, ba a irin wannan magana a waya. Sannan na yi mata huɗuba a kan tarbiyya, da yadda ƙasar nan ta wanke musu kunya daga ido. Ta saurara har na gaji, ta ce to Abba.

Yanzu in na tuna sai in riƙe kai. Al'adar da ta ɗinke min baki ita ce ta bar wa jika nata a buɗe. Abin da ɗa ba zai iya tambaya ba, jika tana tambaya tana dariya, tsoho ya amsa yana dariya, ba wanda ya ji ciwo. Mutanen da suka tsara abin ba wawaye ba ne, sun bar hanya. Ni masanin al'ada ne na toshe ta.

A wata na tara ne, wata Talata da hantsi, ina tafe da ɗaliba a mota sai na hango motar jami'an shige da fice a ƙofar wani shago a ƙarshen layinmu. Na taka birkin gefena da ƙarfin da yarinyar ta ɗauka mutum ta kaɗe. Ba gidana suka zo ba, ko kallon layin ba su yi ba, amma ni na riga na gama yanke shawara. Lauyoyin group sun ce council ɗin Birmingham har yanzu tana tsaye da ƙafarta, can doka ba ta cizo. Ban tsaya na yi tunanin cewa dokar da ta taso daga London sai ta bi ta Birmingham kafin ta iso mu ba.

Washegari da safe na ce wa Baba amaryarsa tana kewarsa. Na sa shi a kujerar baya, na ce ya ɗan kishingiɗa don hanya da nisa. Haka muka hau babbar hanya, ƙofa a buɗe a manne a bayan mota, dattijo a kwance a ciki. Ina ta kallon madubi kamar wanda ya sato akuya. Can Baba ya ce, "Ɗana, rage gudu, kada su tsayar da kai." Da muka fara shiga gari ya ɗago, ya juya kansa gaba ɗaya don ya ga taga da idon dama, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. Da nan duk hayaƙi ne. An share garin." Na ce a raina shi ke nan, bayan ido kuma ruɗewa ta fara, ya ɗauka unguwar masana'antu ta Kano muka shigo. Na ce masa haka ne Baba, an share.

Na sauke shi a flat ɗin 'yata, na ja ta gefe na karanta mata dokokina. Ba buɗe ƙofa, ba taga, ba asibiti, ba kuma tambaya. Ta ce to Abba. Na koma Manchester ina jin kaina wani gwarzo.

Kwana biyu ta iya yi min biyayya. A na uku ina unguwar Withington ina koya wa wani ajiye mota da baya, saƙo ya shigo. "Abba, muna asibiti. Idon ba zai jira ka ba." Innalillahi! Na sauke ɗalibin a ƙofar gidansu ban ko yi masa bayani ba, na kama hanyar Birmingham. Ina tuƙi ina zagin yaran zamani, ina kuma tsara jawabin da zan yi da Turanci a kan mutuncin ɗan Adam. Har na zaɓi inda zan ɗaga murya da inda zan sassauta. Na kira kansila mai furfura ban same ta ba, na bar mata saƙo mai tsawo wanda har yau nake roƙon Allah ya sa ba ta saurara ba.

Na same su a sashen ido. Likita ya riga ya duba shi, suna jiran sakamako, Baba na zaune da auduga a hannu. Ina isowa wata ma'aikaciya ta iso da takarda a kan allo, matar kirki, ta ce tana neman afuwa amma doka ta sa sai ta ga shaidar zamansa a ƙasa. Ga ranar da na yi wata tara ina gudu. Na shiga tsakaninsu, na gyara tsayuwa, na buɗe baki na ce, "Madam, this city..." Sai na ji an ja hannun rigata. 'Yata ce. Ta zagaye ni kamar turken fitila, ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Angona, ina passport ɗinka? Ko ka sayar ka tara min sadaki?"

Baba bai yi dariya ba. Ni ya nema da idon dama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗana, kai fita waje tukuna. Kada ka tsaya a nan." Na ɗauka kunyar tonon asiri yake ji, na ce wallahi ba inda za ni, duk abin da za a yi a yi mana tare. Ya girgiza kai. Ya sa hannu a aljihun ƙirjin nan, wanda na hana shi buɗewa ranar farko, ya ciro wani abu a naɗe cikin hankici, ya warware a hankali. Fasfon Birtaniya ne.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji Baba ya buɗe baki yana wa matar bayani da Turanci. Ba irin nawa na makaranta ba, irin na tsofaffin Birmingham, mai fita ta hanci. Matar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce wallahi kamar kakanta ke magana. Ashe yana saurayi ya yi shekara goma sha ɗaya a wata masana'antar narka ƙarfe a garin nan, a nan ya koyi walda, a nan ya zama ɗan ƙasa tun ba a haife ni ba. Rasuwar mahaifinsa ce ta mayar da shi gida, bai kuma taɓa barin fasfon ya mutu ba. Ni da na ɓoye shi, nawa fasfon shekararsa shida, sai da na haddace sunayen sarakunan Ingila na ci jarrabawa kafin a ba ni. Matar ta tambayi ko ya dawo da zama ne, ya ce e, ta rubuta, ta yi godiya ta wuce. Duka abin bai kai minti biyar ba. Jawabina yana nan a cikina har yau ban yi shi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da abin dariya ne kawai, irin wanda 'ya'yana suke so. Amma likita ya kira mu ciki. Ya ce idon dama za a iya riƙe abin da ya rage da aiki da magani. Na hagu kuwa ya tafi, ba abin da za a yi masa. Ya duba takardar likitan Kano ya duba tasa, ya ce da an zo watannin baya da akwai magana. Ya tambaya, ba da faɗa ba, me ya sa aka daɗe haka. 'Yata ta sunkuyar da kai. Baba ne ya amsa, ya ce shi ne ya yi sakaci.

Muka fito, 'yata ta tafi karɓo magani, ni da shi muka zauna a wani benci a bakin asibitin, rana tana ɗan dukanmu. Wata uku rabonsa da zama a rana. Na daɗe ina juya maganar, sannan a karo na farko tun zuwansa na yi masa tambaya ta gaske. Na ce, "Baba, don girman Allah, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya ce, "Na ciro zan ba ka ranar da na zo, ka riƙe min hannu. Ka ce in bar komai a hannunka. Na bari."

Na ce, "To da ka ga ina sakin labule, ina hana ka masallaci?"

Ya ce, "Ai a nan na gane. Na ce yaron nan zamansa a ƙasar nan bai daidaita ba. Na san in na je asibiti za su tambayi inda nake zaune, su rubuta gidanka, daga nan ban san wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba. Ɗan aminina, ga mata ga 'ya'ya. Na ce ido biyu Allah ya ba ni, in ɗaya ya tafi akwai ɗaya."

Na ce, "Baba, ni ɗan ƙasa ne. Takarduna cikakku ne."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ni dai ban tambaye ka ba. Ina cin tuwonka, yaya zan tambaye ka takarda?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba, ƙato da ni, a bakin asibiti, mutane na wucewa. Wata da watanni muna zaune a duhu, 'yan ƙasa biyu, kowa yana ba ɗan'uwansa mafaka daga abin da babu. Ni abin da na kashe a kai labule ne da man mota. Shi ido ya biya. Kuma shi ne ya koma yana bubbuga bayana yana cewa in yi haƙuri, haka Allah ya rubuta.

Da na kira mahaifiyata na ce me ya sa ba ta gaya min ya taɓa zaman Ingila ba, sai ta ce duk garin wa bai sani ba, ka tambaye ni ne? Na ce a'a. Na lura a shekarar nan amsata ke nan ga kowa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na koma bayan dokar. Ban koma ba. Na san mutanen da ta raba da ɗakin kwana da aikin yi, kuma har yau in an kira taro ina zuwa, sai dai na rage tsawon jawabi. Takardar mai hoton ƙofa tana nan a tagata, rana ta cinye launinta. Amma tambayar da jami'i ke yi don ya kore ka daban, wadda naka ke yi don ya san inda ke maka ciwo daban. Ni na haɗa su na yi musu kuɗin goro, na kira abin kunya da karamci, alhali rabinsa girman kai ne.

Baba ya zauna a Birmingham kusa da amaryarsa, ya ce garinsa ne tun kafin mu. Ina zuwa gaishe shi duk ƙarshen wata. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Sai dai in na yi sallama na shigo ta hagunsa, sai ya juyo da wuyansa gaba ɗaya yana nemana, kuma duk juyowar nan ni na san wanda ya jawo ta.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada aka koya min, a aljihun wani. Kafin ka ceci mutum, ka tambaye shi abin da ke damunsa. Yanzu in baƙo ya sauka a gidana, sai ya sha ruwa ya ci abinci ya huta, kamar yadda aka koya mana. Daga nan in rufe ƙofar falo, in fara faɗa masa nawa halin, sannan in ce to kai fa, me ya kawo ka, me ke hannunka, me kake tsoro? Kunyar takan kama ni har yanzu, ba ta kuma wuce minti biyar. In kuwa ya sa hannu a aljihu, ina naɗe nawa hannun in jira in ga abin da zai ciro.